Batir Biyu a Ɗakin Inna

Inna, mahaifiyata, aikin Umara ya kawo ta ƙasa mai tsarki a farkon shekarun tamanin. Ta gama ibadarta, ta ce ita kam ta zo ke nan, a ƙasar nan take son a binne ta. Takardunta suka ƙare, ba ta ko tambaya ba. A lokacin ni da mijina muna unguwar Sharafiyya, a saman wani tsohon bene marar lif, ga shi gwiwoyinta sun riga sun gaji. Ranar da aka ɗauke ta a kujera aka hau da ita, ta rantse ba za ta sake bari ƙarti su yi ta nishi a kanta ba.

Mijina direba ne a gidan kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama. Kafilin yana da wata mota mai ɗaki a ciki, irin wadda Turawan kamfani ke fita daji da ita: gado, ɗan firji, fanka, fitilu, har da wurin wanke hannu. Da ya gaji da ita sai ya ce mijina ya kawar masa da ita daga gareji. Aka kawo ta aka ajiye a gindin darbejiyar da ke ƙofar benenmu. Inna ta leƙa, ta zauna a bakin gadon, ta ɗan danna katifar da hannu, ta ce a sauko mata da butarta.

Mijina ya zuro waya daga tagar kicin ɗinmu, ta bi bango ta shiga wani soket a gefen motar. Fanka ta juya, firji ya ɗau sanyi. Da rana Inna na wuni a ƙofar bene inda iska ke ratsawa, tana taya matan gida gyaran ganye, da yamma ta koma ɗakinta ta ja labule. Wata da watanni motar ba ta motsa ba. Ganye ya taru a samanta, ƙura ta rufe gilashin, maguna suka mayar da ƙarƙashinta gidansu.

Wata safiya, a tsakiyar zafi, na sauko da koko na tarar da takarda liƙe a gilashin gaba. Na kira mai gadin bene, wani dattijo ɗan Yaman, ya karanta mini. 'Yan baladiyya ne, wato ma'aikatan hukumar gari, in ji shi, suna kwashe motocin da aka yasar a titi. In sun dawo nan da 'yan kwanaki suka same ta a inda take, za su ja ta. In kuwa suka ga an wanke ta, ta canja wuri, sai su wuce. Ya ƙara da cewa dole ta riƙa motsawa lokaci-lokaci, don sukan sake zagayowa.

Ba motar ce ta dame ni ba. Masu jan mota sai sun buɗe ƙofa, kuma abin da za su tarar tsohuwa ce ba iƙama, ba izinin zama a ƙasar, daga nan sai gidan tarahil, inda ake tara waɗanda za a mayar gida. Mijina kuwa yana can garin Ɗa'if, ya kai iyalan kafili shan iska, ba ranar dawowa. Ban gaya wa Inna komai ba. Na ce mata takardar talla ce.

Mai gadi ya iya tuƙi. Na ba shi makulli, ya murɗa, motar ta ce ƙyas, ta yi shiru. Ya ce batir ya mutu, a nemo mai mota ya ba ta wuta. Na ce a'a. Na san Sharafiyya: da an buɗe mota ɗaya, maza goma za su taru, kowa da shawararsa, kowa na leƙa labule. Amma maganarsa ta tsaya mini a rai. Wane irin batir ne ya mutu, alhali ga fanka na juyawa a kan Inna? Har na cire wayar kicin don in gani, fankar ba ta ko rage gudu ba. To wuta na nan, me ya hana ta tayar da inji?

Ni tun ina yarinya ba na barin abu sai na ga cikinsa. Keken ɗinkina ma ni ke warware shi in mayar. Na bar Inna ta tafi ƙofar bene, na shiga motar da sukudireba, na bi wayar fanka da yatsa. Ta bi bayan labule, ta sauka gefen firji, ta shige ƙarƙashin gado. Na ɗaga katako, ga batir nan ƙato, da wani ɗan akwati a gefensa mai ɗumi yana gurnani a hankali. Sai na ga wata waya mai kauri ta fita daga wajen ta nufi gaba. Na bi ta da rarrafe, zufa na ɗiga daga haɓata, har ƙarƙashin kujerar direba. Da na tura kujerar, sai ga wani batir ɗin daban, ƙura ta yi masa hula.

Na zauna a ƙasan motar ina dariya ni kaɗai. Ashe duk watannin nan ɗaya muke ciyarwa.

Akwai wata mata da nake yi wa ɗinki, Bahaushiyar Sudan, mijinta mai gyaran wutar mota ne a unguwar Sa'alaba. Na aika mata da bayani, na roƙi kada ya zo da akwatin aiki. Bayan la'asar sai ga shi da farar jallabiya da ledar lemo, kamar mai zuwa gaishe da tsohuwa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta yi ta tambayarsa garin kakanninsa, sannan na ja ta zuwa ƙofar bene shi kuma ya shiga aiki.

"Ya Hajja, ke kika gano na biyun?" ya tambaye ni.

"Ni ce, Malam. Amma me ya sa ba sa raba wutar? Ga waya ta haɗa su."

Ya nuna mini wani ɗan abu baƙi a tsakiyar wayar mai kauri. Ya ce in inji na aiki, wannan abin yana haɗa su, duka biyun su sha caji. Da an kashe inji sai ya raba su, don kada fanka da firji su shanye na tayar da mota mutum ya maƙale a daji. Cajin da ke saukowa daga kicin ɗina na bayan kaɗai yake shiga. Na gaban kuwa zama ya tsotse shi.

"To a haɗa su kai tsaye mana, yalla, a tayar."

"La, la, a'a. Na bayan nan a hankali yake bayarwa, ba a yi shi don fizga ba. Kuma na gaba ya yi nisa, in ya sha da ƙarfi zai lalace. Kaɗan-kaɗan za mu ba shi."

Ya zaro siririyar waya daga aljihu, da fis mai yanke wuta in ta yi yawa, da ƙwan fitilar birki. Ya ɗaura wayar a kan jan kai na batirin baya, ya sa fis ɗin, ya sa ƙwan a tsakiya, ya kai ɗaya bakin kan jan kai na batirin gaba. Ƙwan ya kama, ja-ja kamar garwashi. Ya ce ƙwan ne ke tare wutar, ba ya barin ta wuce da yawa. Muddin yana ci, na gaba na sha. In ya dushe, sun daidaita, in aika a kira shi.

Ban taɓa jin fitilar da mutuwarta ake jira ba. Na bar ɗinki, ina sauka ina hawa, ina leƙa ƙarƙashin kujera ina kare hasken rana da mayafi. Rabin raina tsoro ne, duk motar da ta shigo layin sai na leƙa in ga ko 'yan baladiyya ne. Rabin kuma, in faɗi gaskiya, sha'awa ce zalla. Ina kallon ɗan zaren cikin ƙwan yana raguwa daga ja zuwa launin toka, ina tunanin yadda wuta ke tafiya a waya ba ƙara ba motsi. Inna ta ce, "Ke 'yar nan, me kika ajiye a nan da kike ta sintiri?" Na ce kyankyasai nake fako.

Da ƙwan ya mutu murus, mai gyaran ya dawo da sassafe. Ni da matan bene mun riga mun wanke motar, mun share ganyen, mai gadi ya kankare takardar. Inna ta ƙi sauka. Ta ce dai kada a juya mata mota, don ƙofar baya ce alƙiblarta. Mai gyaran ya murɗa makulli, injin ya yi tari, ya kama, maguna suka watse. Ya matsar da ita gaba, can ɗaya gefen darbejiyar, fuskarta na kallon inda take kallo dā.

"Halas, an gama," ya ce. "Ki bar wayar nan a haɗe. Kowane mako mai gadi ya zaga da ita."

Da ya tafi na shiga in gyara mata shimfiɗa. Na jawo aljihun tebur in ɗauko zanen gado, babu komai a ciki. Na buɗe na biyu, wayam. A bayan filo na tarar da ƙunshi, an ɗaure shi tam da zaninta na fita: kayan sawarta, carbi, maganin gwiwa, har da butar. A samansa akwai farin yadi a ninke, likkafanin da ta wanke da ruwan zamzam.

"Inna, tun yaushe?"

"Tun ranar takarda," ta ce. "Ban iya karatu ba, amma ni na haife ki, fuskarki na duba. Na ce in tarahil za a yi da ni, kada a yi gaggawa a bar mini wannan a baya."

Na zauna a ƙasa na fashe da kuka, irin wanda ban yi ba tun ina ƙarama. Ta bar ni na yi har na gaji. Sannan ta turo mini ƙunshin da ƙafa, ta ce in kwance mata, da haƙori ta ɗaure shi, yatsunta ba za su iya ba.