Igiyar Ƙararrawa da Cinyar Rago

Asabar ɗin da ta biyo bayan Babbar Sallah, shekarar da na bar firamare ban koma ba, Bitrus ɗan maƙwabcinmu ya goya ni a keken babansa daga Tudun Wada har Wusasa. Inna ce ta aike mu da cinyar rago mu kai wa kakansa, dama haka muka taso muka gani: mu kai musu nama da Sallah, su kawo mana shinkafa da Kirsimeti. A tsohon cocin nan na ƙasa muka sami dattijon, gini mai kaurin bango da rufin bakan gizo, ciki sanyi ƙalau kamar randa. Shi ke kaɗa ƙararrawa. Ga su nan rataye manya da ƙanana, kowace da igiyarta da muryarta, in ya bi su ɗaya bayan ɗaya sai waƙa ta fito sak, tantabaru su watse. Ya miƙo mini igiyar babbar. Na ja, ta ɗaga ni sama, ƙarar ta ratsa ni har haƙori.

Labari ya riga mu isa gida. Kawu Sale, yayan Inna, ya tare ni a zaure da tsumagiyar dalbejiya, wai in rantse na rabu da Bitrus har abada. "Ɗan Musulmi da kira wa wasu ibada!" Na sha duka, na yi kuka majina har baki, amma rantsuwa na ƙi. Yaron da muke kamun fara tare, mu yi wanka a rafin Kubanni, mu yi langa har ƙafa ta sage? Sai Inna ta fito daga madafa da muciya a hannu ta ce, "Yaya, ni na aike shi. In dukan ne, ga ni." Kawu ya yar da tsumagiya ya fice.

Yau unguwa ta rabu, kowa ya koma cikin nasa. Bitrus ya tashi tun wani rikicin da ba na son tunawa, gidansu ya zama shagon cajin waya. Ni kuwa acaɓa ya cinye mini baya, furfura ta cika gemu, salla ban taɓa bari ba. Amma duk Layya sai na ɗaure cinya a bayan babur na kai masa, 'yan majalisar hira su yi ta gunaguni wai me ya haɗa ni da su Bitrus. Su yi ta yi. Abin da tsumagiyar Kawu ba ta raba ba, bakin 'yan zaman benci ba zai raba ba.