Takardar da Ke Cikin Rigar Maigida

Ranar da Nasara sunka iso Sakkwato, na tashi da asuba na hura wuta kamar kullum. Na ɗora ruwan kunu. Inna, uwar mijina, tana bakin ɗakinta tana jan carbi tana faɗa da kaji. Ɗiyata Rabi ba ta ko tashi ba. Gidanmu yana kusa da Ƙofar Marke, ɗaki uku da zaure, da kurna a tsakar gida. Kwana da kwanaki ana faɗin suna tafe, har kunne ya saba.

Bari in gaya maku zancen takardar tun yanzu, don in ba ita ba da ban buɗe bakina ba.

Maigida marini ne. Shekara uku kafin nan ya jinginar da gidanmu ga wani attajiri da ake kira Maigoro, ya karɓi kuɗin wuri ya haƙa ramukan rini. Shi yana rini, ni ina kaɗi, har yatsuna sunka yi kanta. Da kakar da ta wuce munka cika biya, ko wuri ɗaya bai rage ba. Malamin Maigoro ya rubuta muna takarda cewa an fanshi gida, gaban shaidu biyu. Tsohuwar takardar jingina kuwa, Maigoro ya ce zai duba adaka ya yage ta. Yau, gobe, jibi. Munka ji kunyar matsa wa babban mutum.

Gara ta taɓa cinye wa Maigida littafi a cikin adaka. Don haka na ninke takardar gida huɗu, na ɗinke ta ta ciki a ƙirjin farar rigarsa ta Juma'a, wadda ke rataye bisa igiya inda gara ba ta kai. Ni na yi wannan dabara. Har ina yaba kaina, wai ni mai wayo.

Rana ba ta gama fitowa ba tambari ya fara. Maigida ya shiga ɗaki ya fito da baka da kwari, sanye da farar rigar. Inna ta ce, "Rigar Juma'a za ka ɓata?" Ya ce, "Inna, ba a zuwa irin wagga tafiya da rigar marina." Ina tsaye da ludayi a hannu. Ina ganin bakin ɗinkina a ƙirjinsa. Na tuna, wallahi na tuna. Amma yaya mace za ta ce wa mijinta, tsaya ka ba ni takardar gida kafin ka fita? Daidai yake da in ce masa ba ka dawowa. Na ce Allah ya tsare.

Da hantsi igwa ta yi ƙara ta farko, daga kudu. Ƙasa ta motsa. Kaji sunka watse. Ta biyu ta fi kusa. Sai wata ƙara da ban taɓa ji ba ta biyo, ba hutu, kamar ana yage sabon ƙyalle. Daga baya anka gaya mini ita ce bindiga mai ruwa. Tambari ya yi shiru.

Kafin walaha maza sunka fara shigowa unguwa a guje, wasu ba rawani, wasu jina-jina.

"Ku fita! Ku fita!"

"Ku ɗauki yara! Gabas!"

Wani abu ya wuce bisa kanmu yana shewa, ya faɗi gidan maƙwabta. Jinkarsu ta kama. Iska ta kwaso wutar ta ɗora bisa ɗakin Inna. Na goya Rabi. Na kama hannun tsohuwa na ja ta, tana kiran sunan ɗanta. Kunun yana kan murhu na bar shi.

A bakin ƙofar gari mutane sunka cushe. Jakuna, awaki, mata da ƙullin kaya. Wata tsohuwa ta faɗi, anka bi ta kanta. Takalmin Inna ya fita, ba mu tsaya ba. Munka bi hanyar gabas cikin rana, ba ruwa. In ka waiwaya, hayaƙi.

Da azahar munka zube ƙarƙashin wata tsamiya kusa da wani ƙauye. Nan wasu mazan unguwarmu sunka cim muna da jaki, an ɗora mutum a kife. Ban ga fuska ba. Hannu na gani yana lilo, shuɗi har wuyan hannu. Hannun marini ba ya ɓoyuwa.

Sunka ce a fagen fama ya cika. Wani malami da ke cikinmu ya ce shahidi ne, ba a yi masa wanka, ba a tuɓe shi, da tufafinsa za a sa shi.

"Ku yi sauri! Suna iya biyo mu!"

Sunka haƙa a gindin tsamiyar. Mu mata muna can nesa. Na sake tunawa da takardar. Uwarsa tana birgima a ƙasa, jininsa bai bushe ba, ni in tashi in ratsa maza in ce a buɗe ƙirjinsa? Na zauna inda nake. Kafin la'asar an rufe shi, an ɗora ƙaya saboda kura.

Kwana goma sha biyu munka yi a ƙauyen. Da anka yi shelar kowa ya koma gida, munka komo. Bangaye na tsaye, baƙi ƙirin. Rufin ɗakuna uku ya tafi. Zaure kaɗai ya tsira, don shi soro ne. Nan munka tare mu uku.

Sai anka yi wata shela: duk wanda igwa ta ƙona wa gida ya zo a rubuta shi, Bature zai ba da kuɗin rufi. Ina cikin takaba, amma ba mu da namiji. Na yafa mayafi na tafi, mutane na bina da ido.

Akawun wani mutumin kudu ne, Hausarsa a karye, yana zaune cikin rumfa da littafi kamar faifai. Ya rubuta ni, ya ce bayan kwana bakwai. Na koma, ya ce sai an auna. Anka zo da igiya anka auna ɗakunan, har itacen da ya ƙone sai da sunka ƙidaya. Na koma karo na uku, ya ce kuɗin sun fito. Na gan su da idona, farare, an jera bisa tebur. Na miƙa hannu. Sai ya ɗora yatsa kan wata takarda.

Ita ce. Tsohuwar takardar jingina, lafiya lau, gara ko sansana ta ba ta yi ba. Maigoro ya bi masu hijira gabas. Ƙanensa Ɗanjuma, da ya dawo daga fataucin goro, ya buɗe adaka ya kwaso takardu ya kai wa akawu.

Akawu ya ce gidan jingina, kuɗi na wanda anka jinginar wa. In an biya, in kawo hatimin Maigoro.

Na tafi wurin Ɗanjuma. Da ma zagina ya yi, da na samu wanda zan rama wa. Tabarma ya sa anka shimfiɗa mini, har da goro. Ya ce, "Uwar Rabi, hatimi yana aljihun Yaya, Yaya kuwa Allah kaɗai ya san inda ya kai. Ni abin da na iske rubuce shi na sani. Kawo taki takardar, yanzu in yage wagga gabanki."

Na tafi gidan alƙali. Anka ce in kawo shaidun. Ɗaya ya faɗi rana ɗaya da Maigida. Ɗaya ya bi gabas. Malamin da ya rubuta, shi ma gabas. Kai, wannan gabas ta cinye mini kowa! Anka ba Ɗanjuma rantsuwa. Ya rantse bai san an biya ba. Kuma bai yi ƙarya ba, yana can wurin goro lokacin da nake kaɗi. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan: ba wanda ya yi ƙarya, ga shi ana raba ni da gidana da rana tsaka.

Na yi ta kuka har alƙali ya sa anka rubuta mini wasiƙa. Na kai wa akawu. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce Larabci ne, sai tafinta. Tafinta ya bi Bature rangadi. Kwana tara na jira. Ya dawo ya karanta. Ashe abin da ke ciki kawai shi ne wance ta ce an biya. Ta ce! To da wa zai ce? Kurnar tsakar gida?

Gajimare ya riga ya fara haɗuwa. Akawu ya ce ƙarshen wata zai rufe littafi. Rannan haƙurina ya ƙare. Na ce masa takarda tana nan, ba ta ɓace ba, na san inda take. Na gaya masa komai, har launin zaren. Ya saurara yana sosa kunne da alƙalami. Sai ya ce, "To, a tono mana."

Na ce, "Mi ka ce?"

Ya maimaita, kamar zancen rogo yake yi.

Abin da na gaya masa ba na maimaita shi nan. Na dai haɗa har kakanninsa. Dogari ne ya fitar da ni.

Da na koma zaure na gaya wa Inna, na ɗauka za ta tsine wa akawun. Ta daɗe tana kallon Rabi da ke barci bisa buhu. Ta ce, "Ni na haife shi. In don wagga yarinya ta samu inda za ta fake, ban hana ki ba."

Washegari bayan sallar asuba na naɗe fartanya cikin zane na kama hanya ni kaɗai. Na isa tsamiyar da azahar. Ƙayar tana nan yadda anka bar ta. Na durƙusa. Na san daidai inda ƙirjinsa yake. Na janye reshen ƙaya ɗaya. Na ɗaga fartanya. Hannuna ya ƙi sauka. Na zagi akawu, na zagi Maigoro da adakarsa, na zagi gara, na zagi kaina da shegiyar kunyata. Har shi Maigida sai da na yi wa faɗa, na ce duk rigunanka sai wannan? Fartanya dai ba ta taɓa ƙasa ba. Na mayar da reshen inda yake.

Da la'asar iska ta juya. Ruwan farko ya sauko, manyan ɗigo, sannan kamar da bakin ƙwarya. Ina zaune ina kallo ƙasar kabarin tana sha. Tawadarmu ba ta jure ruwa, ko yaron da ya taɓa wanke allo ya sani. Ban tashi ba sai da ya ɗauke.

Ƙarshen wata anka ƙidaya kuɗin a hannun Ɗanjuma. Ya rufe ɗakunan da kyau, ya zuba goro a ciki. Ya bar mu a zaure har kaka, ba zan ci haƙƙinsa ba. Inna ba ta kai kakar ba. Ni da Rabi munka koma gidan wana, can wani gari mai nisa.

Ɗaki uku da zaure. Kurna. Kaɗin shekara uku. Inna. Maigida.

Takardar tana nan inda na sa ta. Ninki huɗu, ɗinki goma sha shida, da baƙin zare.