Yaya a Ƙofar Likitan Mata

Yayata ta yi aure a wani ƙauye cikin dajin Sabuwa tun ina ƙarama. Har na girma aka kai ni ɗaki a Ƙanƙara, na haifi 'ya'ya uku, ita ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ta sha rubutu, ta sha saiwoyi masu ɗaci har hanjinta ya gaji. Mijinta manomi ne marar yawan magana. Duk lokacin da danginsa suka taso shi da zancen, sai ya ce haihuwa ta Allah ce, ya ɗauki fartanyarsa ya fita.

Shekarun nan ne kuɗin man fetur ya shigo ƙasa. Samari suka sayi babura, kwanon rufi ya fara ƙyalli a unguwarmu, rediyo kuma kullum faɗi yake asibiti kyauta ne ga kowa. Wata maƙwabciyata, matar akawu, ta ba ni labarin cewa ita ma ta daɗe ba ta haihu ba, sai da likitan mata a babban asibitin gwamnati na birni ya duba ta, ya ce hanyar mahaifarta ce ta toshe, ya buɗe. Ga yaron nan yana rarrafe a gabanmu. Washegari na aika wa Yaya.

Ni na raka ta. A ƙofar ɗakin likitan akwai wani ma'aikaci mai farar riga, shi ke shigar da mutane. Ya dubi ƙafafunmu da jar ƙasar hanya, ya ce wa Yaya, "Mijinki ina yake aiki?"

Ta ce, "Gona."

"Matan ma'aikata ake fara gani. Mi ke maki ciwo?"

"Haihuwa nike nema."

"To ai wannan ba ciwo ba ne. Ki je ki yi haƙuri, ki dawo wani jiƙon."

Muka zauna kan benci har aka tashi aiki, muna kallon mata masu takalma da jakunkuna suna shiga suna fita. Mun sake komawa bayan kaka, mun kuma komawa da rani. Amsar ba ta sauya ba.

Na ɗauka Yaya za ta haƙura. Sai na ji labari wai ta fara magana a kasuwar 'Yankara, inda take kai daddawa. A wajenmu mace ba ta faɗin wannan abu da bakinta, a bayanta ake faɗi. Yaya kuwa sai ta riƙa gaya wa duk macen da ta tsuguna gaban tallarta, "Ni ce wadda ake ce wa juya. An ce akwai magani a asibitin gwamnati, an hana mu shiga." Wasu suka yi dariya, wasu suka ce ciwon rashin ɗa ya taɓa mata kai. Amma mata suka fara zuwa kamar masu sayen daddawa, su yi ciniki, su ƙi tashi. Cikinsu akwai wata Bamagujiya daga ƙasar Faskari, matashiya, aurenta biyu sun mutu saboda rashin haihuwa. Ita ta zama abokiyar tafiyar Yaya.

Matan suka haɗu suka je gaban hakimi, ni ma na bi su. Fadawa suna ta murmushi. Yaya ta durƙusa, ta ce, "Ranka ya daɗe, gwamnati na aiko ma'aikata har ruga a yi wa shanu allura kyauta. Ba a tambayar saniya inda mai ita ke aiki. Mu ma a duba mu." Hakimi ya ce a kai su wajen kansila. Kansila ya tura su ofishin ƙaramar hukuma. A can aka ce su dawo. Haka suka yi ta dawowa, damina na wucewa wata na zuwa, wani lokaci motar haya ta maƙale a laka su ƙarasa da ƙafa. A ƙofar masallacin ƙauyensu ana yi wa mijin Yaya ba'a, wai matarsa ta kai sirrin ɗakinsu ofis. Bai taɓa hana ta ba.

Cikin wannan zirga-zirga na sake samun ciki. Na rasa yadda zan gaya wa Yaya, har sai da ta gani da kanta. Ta yi mani barka da fara'a, kuma ita ta zo ta yi mani wankan jego. Wata safiya na leƙo na same ta a bayan ɗaki da jaririyar a cinya, tana shinshina kanta, hawaye na zuba. Na koma ciki ban bari ta gan ni ba.

Daga baya sai ga saƙo: an ware rana guda kowane wata a asibitin don matan ƙauye, ƙaramar hukuma kuma za ta ba da mota daga Ƙanƙara. Ranar farko motar ta cika har ana tsayuwa. Mata suka yi ta guɗa a hanya, suka sa Yaya a gidan gaba, kuma suka ce ita za ta fara shiga.

Na shiga tare da ita. Likitan ya duba ta sosai, ya yi ta tambayoyi, wata nas tana fassara. Da aka zo kan al'ada, Yaya ta ce ta fara tsallake wata, wani lokaci ta daɗe ba ta gani ba. Likitan ya ajiye alƙalaminsa. Nas ta ce, "Ya ce abin da ke damunki mai gyaruwa ne, amma lokaci ya wuce. Da kin zo 'yan shekarun baya, da an dace."

Yaya ta ce, "Na zo. Ki gaya mashi na zo. A bakin ƙofar nan aka tsaida ni."

Nas ta sunkuyar da kai, ban sani ba ko ta fassara.

Da muka fito, mata suka yi caa suna tambaya. Yaya ta ce masu likita mai kirki ne, kada kowa ta ji tsoro. Ta gyara wa Bamagujiyar nan ɗaurin zane, ta tura ta ciki.

Yaya ba ta fasa raka matan ba, duk wata tana cikin motar, har lokacin da kuɗin gwamnati ya ja baya, aka ce motar ta lalace, ba a kuma gyara ta ba. Bamagujiyar ta sake aure, ta haifi ɗa namiji. Wasu ma sun samu, da yawa ba su samu ba.

Bayan rasuwar mijinta, 'yan'uwansa suka gaji gidan, Yaya ta dawo wurina da akwatinta ɗaya. Ta yi renon jikokina, ba ta sake ɗaga zancen ba. Sai a ciwonta na ajali, wata la'asar ina matsa mata ƙafa, ta ce da ni ba tare da ta dube ni ba, "Ko guda ɗaya ne. Ko da zai koma ran suna. A ce dai na taɓa haihuwa."

Na ci gaba da matsa ƙafar har barci ya ɗauke ta.