Taswirar Hali da Irin Dawar da Ya Ƙi Tsirowa

Watanni kaɗan bayan na gama bautar ƙasa na sami aiki a wani ƙaramin kamfanin irin shuka a Wudil. Ɗakin gwaji aka ba ni. Daga kowane rukunin buhuna nakan ɗebi ƙwaya ɗari, in jera su a faranti mai yashi, in yayyafa ruwa, in jira kwana bakwai, sannan in ƙirga waɗanda suka tsiro. Abin da na samu shi nake rubutawa a takarda in sa hannu, kuma da wannan takarda ake fitar da iri zuwa ga manoman Achika da Lajawa da Ɗankaza. Manomin da ya sayi buhu bai san ni ba, amma da sa hannuna yake haƙa rami.

Ya kamata in faɗi halina tun yanzu, domin kada in ɗora wa wani laifin da yake nawa. Ba na iya ƙirga abu sau ɗaya. Nakan ƙirga sau uku, idan na ukun ya saɓa wa na farko in koma daga farko. Sau biyu, ko uku, ba zan rantse ba, na kai bakin gada a hanyar gida sannan na juyo don in tabbatar yashin bai bushe ba. Idan na ga tsiro mai raunanniyar saiwa, sai zuciyata ta rabu biyu: ɗaya ta ce ƙirga shi, ai ya fito, ɗaya ta ce a gona ba zai kai mako ba. Ina son a ce ni mai sauƙin kai ne a wurin aiki, ina kuma son kada a taɓa kama ni da kuskure. Waɗannan biyun ba su taɓa barina na huta ba.

Manajanmu mutum ne mai son a ji shi. Wayoyi biyu yake riƙewa, turarensa kan riga shi shiga ɗaki, kuma ban taɓa ganin ya tsoma yatsa a yashin gwaji ba. Na ƙi shi, har yanzu kuma ban daina ba, don haka mai karatu ya auna maganata a kansa da wannan sani. Wata rana ya dawo daga wata bita a Abuja da abin da ya kira taswirar hali. Hoton mutum ne a zaune, an zana masa gidaje tara daga ƙoƙon kai zuwa ƙugu, wasu an cike su da launi, wasu an bar su fayau. Ana ba wa waya ranar haihuwar mutum da sa'ar da wurin, sai ta fitar da tasa.

Ya tara mu a ofishinsa, ya buɗe fayilolinmu yana kwafar ranaku. Huɗu daga cikinmu ranar ɗaya ga Janairu aka rubuta mana, shekarun ne kawai suka bambanta, domin takardar rantsuwa ta kotu ce iyayenmu suka yi mana lokacin jarrabawa. Bai ga wani abu a nan ba. Da ya zo kan sa'a, sai ya sa mana sha biyun rana gaba ɗaya.

Dattijon da ke kula da sito ya leƙa wayar ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan ai bugun ƙasa ne aka saya masa waya.”

“Haba Baba, kimiyya ce. Manyan kamfanoni da ita suke ɗaukar ma'aikata.”

“To, Allah ya ba su sa'a. Ni dai a bar ni da halin da na tsufa da shi.”

Aka yi dariya, ya fita abinsa. Ni ban fita ba. Da aka zo kaina, manaja ya juyo mini da wayar ya nuna gidan da ke ƙoƙon kai, fari fat. Ya ce, “Ka gani, Malam? Kanka a buɗe yake, kamar ɗakin da ba ƙofa. Duk shakkar da ke yawo a gari kai take faɗa wa, sai ka ɗauka taka ce. Ba taka ba ce. Irinku ba a yi ku don yanke hukunci da kai ba. Maganinku ku jingina da mai cikakken kai.” Ya kuma nuna mini tasa taswirar, ba tare da na tambaya ba. Gidan kansa cike yake da launin ruwan ɗorawa.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na ji daɗi. Ban taɓa jin wani ya kwatanta abin da ke damuna haka ba. Na san abin da malamanmu suke faɗa a kan masu duba taurari, amma na gaya wa kaina cewa wannan ba gaibu yake faɗa ba, hali kawai yake bayyanawa. Na sa manhajar taswirar a wayata. Kusan mako biyu ina ƙirga iri sau ɗaya tak, idan hannuna ya miƙa zai sake sai in ce masa shakkar ba tawa ba ce. Na ci abinci da kyau a waɗannan kwanaki, wannan gaskiya ne, kuma dole in rubuta shi.

Ana gab da faɗuwar damina aka kawo mini samfurin wani babban rukuni na irin dawa. Ragowar bara ne, kuma kowa a kamfanin ya san rufin kusurwar da aka ajiye shi yana yoyo. Bayan kwana bakwai, da ƙyar rabin ƙwayoyin suka tsiro. Na sake jera wasu a sabon yashi, na sake jira, sakamakon bai canja ba. Na kai wa manaja ranar Alhamis.

Bai ko karɓi takardar ba. “Kan nan naka ne ya motsa kuma. Na faɗa maka.”

“Ranka ya daɗe, faranti biyu ne. Ga su can, a zo a gani.”

“Ni ba na ƙirga ciyawa, Malam, don haka aka ɗauke ka. Iri lafiyayye ne, yashinka ne ya yi sanyi. Rubuta abin da ka saba rubutawa. Litinin motoci za su yi lodi, ina son takardar a kan teburin nan kafin su iso.”

Da na fito, tunanin da ya zo mini ba na manoma ba ne, kuma wannan ma dole in rubuta shi. Na tuna cewa ranar da aka ba wa wayar ƙarya ce, sa'ar ma ƙarya ce. Sai na yanke wa kaina wani sharaɗi da nake ganin adalci ne a lokacin: zan nemo ainihin ranar haihuwata. Idan taswirar gaskiya ta ce kaina a buɗe yake, to shakkar ba tawa ba ce, zan sa hannu. Idan ta ce a cike yake, ba zan sa ba. Mutumin da ya yi shekara biyar yana karatun aikin gona ne ya yi wannan tunani, faranti biyu suna ajiye a gabansa.

Ranar Asabar na tafi ƙauyenmu, can wajen Lajawa. Ni ne ɗan farin mahaifiyata. Tunda nake ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta doguwar hira da ni, idan za ta ba ni abinci sai ta ajiye ta ce a faɗa wa wancan ya ɗauka. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, a cikinta na girma kuma na san iyakarta sarai. Duk da haka, bayan mun gaisa, tana tsakar gida tana tankaɗe, maƙwabta biyu suna zaune tare da ita, na durƙusa na ce, “Inna, don Allah wace rana aka haife ni? Kuma da wane lokaci, da safe ne ko da yamma? Naƙudar ta daɗe?”

Na tambayi ta ƙarshen ne domin in iya kintatar sa'a. Rariyar ta tsaya a hannunta. Ɗaya daga cikin matan ta ja mayafi ta rufe baki. Inna ba ta dube ni ba. Ta ajiye rariyar a hankali, ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule, garin yana nan a buɗe kaji suka nufo shi.

Gwaggona, yayar mahaifina, ita ta ja ni zaure. “Kai, bokon ne ya cinye maka hankali? Uwarka za ka tsare da zancen naƙudarka a gaban mutane? In tambaya ce ba ga ni ba?”

“Gwaggo, a wurin aiki ake nema.”

“Aikin haihuwa kuke yi a can?”

Ta yi faɗa har ta gaji, sannan ta ba ni abin da ta sani. Ranar Juma'a ce, domin mahaifina yana kasuwar Wudil aka aika a kira shi. Ana yankan gero. Bayan la'asar ne, ko kuma gab da ita, ta dai tuna ta yi alwala. Shekarar kuwa, ko dai wadda aka haƙa rijiyar bayan masallaci, ko wadda ta biyo ta. Na rubuta duka. Har na bar garin washegari Inna ba ta fito inda nake ba. Ƙanwata ce ta miƙo mini ƙullin daddawa a madadinta.

A tasha, ina jiran mota ta cika, na buɗe kalandar shekarun biyu na fitar da duk Juma'ar da za ta iya faɗawa lokacin yankan gero. Takwas na samu. Na ba wa wayar su ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfe huɗun yamma. A biyar kaina ya fito a buɗe, a uku ya fito a cike. Na karanta bayanin kowacce da natsuwa. Ta buɗaɗɗen kai ta ce ina fama da tunanin da ba nawa ba, na ga haka ne. Ta cikakken kai ta ce ina maimaita tunani ɗaya ba na iya sakinsa, na ga wannan ma haka ne. Babu ɗaya a cikin takwas ɗin da ban ga kaina a ciki ba. Wani irin baƙin ciki ya taso mini, rabi a kan manaja, rabi a kaina. Na kunyata mahaifiyata a gaban maƙwabtanta saboda abin da zai amsa mini da e ko wace rana na ba shi.

Litinin da safe na rubuta adadin da na ƙirga, na sa hannu a ƙarƙashinsa, na kai masa. Ya karanta ya ɗago.

“Mene ne wannan?”

“Abin da ya tsiro ne, ranka ya daɗe. Kuma ranar da ka sa mini a taswira ba ita ce ranar haihuwata ba. Na bincika.”

“Ka bincika.” Ya yi murmushi ya jingina da kujera. “Ka ga abin da nake faɗa? Wa zai tafi har ƙauye binciken ranar haihuwarsa in ba mai buɗaɗɗen kai ba? Ai ka ƙara tabbatar mini da ita.”

“Ko kaina a fashe yake, rabin irin nan ya mutu.”

“Ka iya bakinka, Malam. Takardar digiri ba ta sa ka fi kowa tsoron Allah a nan ba.”

Bai kore ni ba. Ya kira wani abokin aikina daga sashen talla, ya ce taswirarsa ta nuna shi mai yanke hukunci ne, ya ba shi makullin ɗakin gwaji. Kafin azahar sabuwar takarda ta fito da adadi mai kyau. Ni kuma ya ce irin halina ya fi dacewa da cuɗanya da jama'a, don haka in bi motar da za ta kai iri Ɗankaza in riƙa miƙa wa manoma. Ya san abin da yake yi. Yana so in ɗauki buhun da na ƙi amincewa da shi in danƙa wa mutum da hannuna.

Na bi motar, domin ban da wani aikin, kuma ba zan yi ƙaryar jarumtar da ban yi ba. A hanya na yi lissafin abin da ya rage mini. Idan rabi ne ke tsirowa, wanda ya saba zuba ƙwaya huɗu ko biyar a rami sai ya zuba takwas ko goma, buhun kuma rabin gonar da aka ce zai shuka kawai zai iya. Duk wanda ya zo karɓa na faɗa masa haka, da ƙarfi, direban kamfani yana ji.

Wani dattijo ya ɗora buhunsa a kan keke, ya tsaya yana dubana. “Ɗana, irin kamfani ne fa. Don kada mu yi asarar ƙwaya muke sayensa.”

“Na sani, Baba. Ni na gwada shi. Rabi ya mutu.”

“To me ya sa kuka kawo?”

Ya kwance igiyar da ya ɗaure buhun da ita, ya sauke shi ya jingina shi da tayar mota, ya ce zai shuka na rumbunsa. Mutum shida suka yi yadda ya yi, sauran suka ɗauka suka tafi, ban kuma san nawa ne a cikinsu suka ninka ƙwayar ba. Direba ya kai wa manaja labari tun kafin mu gama sauke ragowar. A ƙarshen watan aka ba ni takarda cewa kamfani ba ya bukatar aikina.