Jan Ɗigo a Rugar Ardo

Ni dillalin shanu ne a karar Illela. Bokona bai yi nisa ba. Wanda ya yi karatu a gidanmu ɗan marigayi yayana ne, likitan dabbobi, yana koyarwa a Sakkwato. Ya daɗe yana neman wanda zai ɗauki nauyin bincikensa kan wata cuta da kaska ke sa wa shanun da ke ƙetare iyaka. Ya nema nan, ya nema can, shiru. Daga baya wata ƙungiya ta ƙasar waje ta ce ya fara kawo shaida: jinin shanu, da wurin da kowane garke ke kwana a taswira. In sun gamsu, su saki kuɗi.

Fulanin wajen Araba ba su barin baƙo ya taɓa musu saniya, amma ni sun san ni tun ina riƙe wa babana igiya. Na goya shi a babur munka zaga rugage. Ya ɗebi jini, ya ciri kaska ya zuba a kwalba. Duk inda za mu tashi sai ya danna waya, wani jan ɗigo ya fito. Na ce mi ke nan? Ya ce alamar wurin ce kawai.

Ba a daɗe ba ɓarayin daji sunka faɗa rugar Ardo, shugaban Fulanin wurin, sunka kore garken ƙanensa kaf.

Kowa a yankinmu ya san abin da ake yi wa wanda anka kira infoma, mai kai wa ɓarayi rahoto. Ba a kai shi kotu. Na taɓa ganin gawar ɗaya a bakin hanya, takalminsa ɗaya a ƙafa. Bayan satar nan ba wanda ya ce min komai, kuma shirun ne ya fi kashe ni. Ranar kasuwa na tsaya inda na saba, ba Bafulatanin da ya miƙo min igiya. In na nufi teburin mai shayi sai hira ta mutu. Matata ta ji a gidan suna ana cewa an ga ni da wani mai waya muna auna rugage. Babur in ya rage gudu a ƙofar gida, sai in tashi in leƙa.

Ardo ya aiko a ce min in kawo yarona kara ranar Lahadi. Na kira shi, ya zo.

Mutane sunka kewaye mu. Yaron ya yi bayani da ladabi, ya ce wayar a kulle take, bai ma aika wa kowa ba tukuna, kuma masu kuɗin suna can ƙetaren teku, ba su san ɓarayi ba. Ardo ya saurara har ya gama.

"Likita, su masu kuɗin, sun nuna maka inda nasu shanun ke kwana?"

Ardo ya ce a goge ɗigon nan a gabansa, duka.

Yaron ya ja ni gefe. Ya ce in ba ɗigon nan, jinin banza ne, ba za su ba shi ko sisi ba. Ya ce ɓarayi ba su buƙatar taswira, sun fi shi sanin dajin. Gaskiya ya faɗa, na sani.

"Baffa, wannan ce dama ta farko da na samu."

"Kai yau za ka koma Sakkwato. Ni nan nike kwana, da ƙannenka."

Ya koma tsakiyar mutane. Sannan ya ɗaga wayar yadda kowa zai gani, yana taɓa ɗigon ɗaya bayan ɗaya suna ɓacewa. Ya rantse babu wani a ajiye. Ardo bai ce ya yarda ba. Ya karɓi igiyar wani bijimi daga hannun ɗansa ya ɗora a nawa, ya ce in nemo masa ciniki mai kyau.

Ƙungiyar ta ce shaidar ba ta cika ba. Wani sunka ba kuɗin. Jinin yana can cikin firji a wurin aikinsa, in ɗaukewar wuta ba ta lalata shi ba. Har yau yaron yana neman mai ɗaukar nauyin binciken. Yana kira da Sallah, mu gaisa, ya ce in miƙa wa matata wayar. Ni kuma na koma riƙe igiya, sai dai duk wanda ya ciro waya kusa da shanu, ina matsawa nesa da shi.