Kiran Ruwa a Albam ɗin Haris

A Tudun Marke, wani ƙauye a bakin fadama tsakanin Auyo da Haɗeja, in ka ce Shu'ibu sai a tambaye ka wanne. Sai ka ce Shu'ibu na Bala sannan a gane. Shekararsa sittin da bakwai, ga furfura ga jikoki, amma har yau da sunan wansa ake neman sa. Gidansu gidan makaɗa ne kaka da kakanni. Bala ke waƙa, Shu'ibu na rataye da ganga a bayansa. Sun yi gayyar noma, sun yi bikin kamun kifi, sun yi gayyar yankan kacala, ciyawar nan mai toshe hanyar ruwa, tun daga Guri har Malam Madori. Bala ake yi wa kari, Bala ake ba riga, Bala mata ke rangaɗa wa guɗa. Shi kuwa Shu'ibu abin da yake samu bai wuce, "Kai mai ganga, matsa gefe, ka tare mana."

Abu ɗaya tak ubansu ya hana Bala ya ba Shu'ibu, shi ne Kiran Ruwa. Bugu uku ne, a ɗan tsaya, a sake uku, sannan biyu masu nauyi. Ba a buga shi sai jirgi ya kife ko mutum ya nutse. Duk wanda ya ji shi a Tudun Marke, ko loma ce a hannunsa sai ya ajiye, masunta su sungumi gora su tura kwalekwale, sauran jama'a su bi da igiya. A kan cinya uban ya koya wa Shu'ibu, da tafin hannu, don ko koyon ba a yarda a yi a kan fata ba. Ya ce masa, "Ran da ka buga shi ba kowa a ruwa, ka kashe shi." Cikin shekara arba'in sau goma sha ɗaya Shu'ibu ya buga. Sau tara an fito da kowa da rai. Ba wanda ya taɓa yi masa guɗa a kan haka, amma shi ya sani, kuma da wannan sanin yake tafiya a gari.

Bala ya rasu shekara uku da suka wuce. Ganga ba waƙa, wa zai gayyace ta? Balle yanzu da ko raɗin suna sai an ɗauko sifika. Shu'ibu ya koma 'yar gonarsa ta shinkafa, ganga na rataye a ɗaki.

To, ga Haris, ɗan Bala. Allah Sarki, gidan makaɗa! Yaron da aka ba gula, sandar kiɗa, ya yi kwana biyu ya ce tana sa masa kanta a tafin hannu. Ya tafi Kano shekara biyu, ya dawo da rabin aski, da baƙin tabarau ko ana ruwan sama, da wando yagagge a gwiwa wanda wai a yagen ya saye shi. Sunansa ma ya canza, wai Haris Zuma. Muryar kuwa sai an bi da ita ta cikin kwamfuta an matse, ta fito kamar sauro ya shiga gwangwani. Ganga a wajensa kayan ƙauye ce, ya sha faɗa a gaban mutane. Sai da ya tashi fitar da albam ɗinsa na farko, Misbahu mai situdiyo a Haɗeja ya saurari waƙoƙin ya taɓe baki, ya ce duk iri ɗaya ne da na kowa, a nemo wani abu na gargajiya a barbaɗa. A nan ne fa Haris ya tuna yana da baffa.

Ya zo da katan ɗin lemo, ya cire tabarau, ya durƙusa har ƙasa. "Baffa, ai kai ne tushe. Babana baki kawai gare shi, aikin duk a hannunka yake. Duniya ba ta sani ba, ni zan sanar da ita. Sunanka zan sa a jikin albam."

Kai, daɗin baki bala'i ne! Shekara arba'in Shu'ibu yana jiran wani ya faɗi wannan magana, ko mahaukaci ne. Ya ji wani sanyi ya ratsa shi. Washegari ya sa rigarsa ta Juma'a, ya hau bayan babur ɗin Haris, ganga a cinya, bakinsa har kunne.

Situdiyon wani ɗan shago ne a bayan tasha, an manne bangonsa da soso irin na katifa. Shu'ibu ya buga na noma, ya buga na masunta, ya buga taken mahauta, gumi na zuba. Misbahu yana danna waya yana hamma. Ya ce, "Baba, duk waɗannan an ji su. Ba ka da wani na daban?"

Haris ya matso ya rage murya. "Baffa, wancan na ruwa fa?"

Shu'ibu ya ɗaure fuska. "Kul! Ba a buga shi inda kunne zai ji."

"To ai nan kunne ba ya ji, Baffa. Zo ka gani."

Ya fitar da tsohon waje, ya koma ciki ya rufe ƙofa, ya yi ta jibgar ganga kamar ya sami ɓarawo. Shu'ibu ya kara kunne a jikin ƙofa, ko ƙis bai ji ba. Ya tsaya yana lissafi da ransa. Tudun Marke na can nesa, ɗaki a rufe, bango ya shanye sauti. Ai wannan da cinya duk ɗaya ne. Dubi fa, mutumin da ya shekara hamsin yana jin rediyo, ya san muryar wanda ya mutu ma tana fitowa daga akwati! Ba wauta ce ta kama shi ba, so yake yaron nan mai hamma ya ajiye waya ya dube shi. Ya shiga, ya gyara tsayuwa, ya buga. Misbahu ya ajiye waya kuwa, har da miƙewa tsaye yana cewa, "Wannan ne! Baba, sake!" Shu'ibu ya sake har sau huɗu.

Da ya dawo gida ya ba matarsa Yakaka labari, mutuniyar Guri ce, ba ta iya kwana-kwana ba. Ta dakata da tankaɗe. "Malam, ka buga?"

"A ɗaki rufaffe. Ko ƙuda bai ji ba."

"To su da suka naɗa, jiƙawa za su yi su sha?"

Ya ce ta cika surutu, ya shige ɗaki.

Albam ya fito cikin watan Agusta, ruwa ya cika fadama maƙil. Waƙa takwas, ta farko sunanta "Adila", wata yarinya ce da ko kallon Haris ba ta yi. An manna fosta a shagon cajin waya, ga Haris ya dafe ƙirji kamar mai ciwon olsa. Shu'ibu ya sa wani ya karanta masa ƙananan rubutun da ke can ƙasa. An rubuta, "Ganga: ƙanin marigayi Bala."

Wannan bai kai ya kawo ba. Ranar Asabar bayan la'asar ana biki a gidan mai unguwa, aka kunna "Adila" a manyan sifiku. Uku, uku, biyu. Gari ya hargitse. Muttaka, babban masuncin garin, ya fito daga wanka da kumfa a kai ya yi bakin ruwa. Mata suka fito ba mayafi suna kiran sunayen 'ya'yansu, wata tsohuwa ta yanke jiki ta faɗi. Kwalekwale bakwai aka tura cikin ruwa ana dube-dube, sannan aka ji muryar sauron nan ta biyo baya tana cewa Adila ta sace masa zuciya. Aka yi cirko-cirko. Sai wani ya tuntsire da dariya, sauran suka ɗauka. Haris kuwa yana kan dakali yana ɗaukar su a waya. Ya sa bidiyon a intanet, kan ka ce kwabo waƙa ta zagaye Jigawa. Ya tattara ya koma Kano, wai yanzu ya fi ƙarfin ƙauye.

Shu'ibu bai yi dariya ba, tsoro ne ya kama shi. Ya bi masu tura waƙa a waya shago-shago yana roƙon su goge. Suka ce, "Baba, ai kai ya kamata ka fi kowa murna." Ya sa aka kira masa Haris. Haris ya ce, "Haba Baffa, abin da ya riga ya fita? Ka kwantar da hankalinka, kowa ya san waƙa ce." Karo na biyu da aka kunna ta da ƙarfi a gari, mutum biyar suka leƙo. Karo na uku ko akuya ba ta ɗaga kai ba. Masu shayi na kunnawa, 'yan acaɓa na kunnawa, har dattawan da suka san mutanen da kiɗan nan ya tsamo suna kaɗa ƙafa. Tir!

Cikin Satumba ruwa ya ƙaru, aka shiga rububin yanke shinkafa kafin ta nutse. Wata Talata da hantsi Shu'ibu yana bakin gonarsa ya hango jirgin Fannami, tsohon mai fito, ya taho shaƙe da damman shinkafa da mata biyu. A tsakiyar mashigi jirgin ya karkata, ya kife. Shu'ibu bai iya ruwan kirki ba, makaɗi ne. Ya ruga gida da gudun da bai san yana da shi ba, ya fizgo ganga, ya hau tudu ya buga.

Ya buga har kafaɗarsa ta ƙage. Daga rumfar mai shayi samari suka amsa masa baki ɗaya, "Adila, Adila!" Wani har ya taso yana rawa yana nufo shi. Daga kan tudun Shu'ibu yana ganin komai. Fannami ya tura matan nan biyu sun kama reshen giyayya, shi kuma ya riƙe wani ɗan siririn reshe, kansa na sama yana duban gari, yana jira. Ya daɗe yana jira, lokacin da ya isa a tura kwalekwale a je a dawo. Shu'ibu ya yar da gula ya shiga ihu da baki, muryar tsoho da ba ta wuce tsallaken hanya. Yakaka ce ta bi gida-gida tana dukan ƙofofi da taɓarya kafin aka fito.

An ɗauko matan da rai. Fannami sai da yamma aka same shi a cikin kacala.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Muttaka ya tarar da Shu'ibu zaune shi kaɗai a ƙofar gida. Ya tsuguna a gabansa, idonsa jawur.

"Baba Shu'ibu, na ji fa. Wallahi tun bugun farko na ji. Ina zaune ina ɗinkin komar kamun kifi, na ce yaran nan sun sake kunna abinsu."

Shu'ibu ya ɗago. "Kai ma, Muttaka? Kai da ka san hannuna shekara talatin, ba ka bambanta shi da na waya?"

Muttaka ya girgiza kai.

"Da me zan bambanta, Baba? Na wayar ma ai hannunka ne."