Bikin Uwar Likita

Shekarun baya, lokacin da na samu gurbin karatun likita, na yi wa mahaifiyata ƙaryar dubu ashirin. A wancan lokacin ban ma ɗauke ta ƙarya ba, dabara na kira ta. Abin da na saya da kuɗin yana nan cikin jakar aikina har yau, shi ya sa mantawa ta gagare ni.

Ƙauyenmu yana tsakanin Dawakin Tofa da Bagwai, irin wurin nan da gonar wannan ke manne da ta wancan, in ka yi kuskuren kunya ɗaya ka shiga ta maƙwabci. Tamu, bayan rabon gado, ba ta kai mu ƙarshen shekara. Mahaifina ya manyanta, ido ma ya fara ba shi matsala. Mahaifiyata ce ke cike giɓin. Tana da bishiyar ɗorawa biyu da ta gada, daga nan take samun kalwar da take daddawa, ga kuma ’yan akuyoyi uku. Bayan wannan tana da wani abu da ya fi su daraja a wurinta: duk gidan da za a yi suna ko aure a ƙauyen, ita ake kira ta tsaya a kan tukwane. In ba ta iso ba, ba a ɗora sanwa.

Da na gama sakandare na yi shekara biyu ban samu shiga jami’a ba, sai na kama aiki a wani kemis a Bacirawa. A nan na koyi tsumulmula. Garin kwaki da ƙuli safe da rana, tafiyar da mutane ke hawa mota ni a ƙafa nake yin ta. Duk ƙarshen wata in zo gida, in cusa abin da ya ragu a gwangwanin madara, in tura ƙarƙashin katifa a shagona na zaure. Ranar da sunana ya fito na zazzage gwangwanin, na samu dubu saba’in cif.

Rajista da kuɗin ɗaki da littattafai, gaba ɗaya dubu ɗari ake nema. Ina cikin wannan lissafi sai wani abokina da ya riga ni shiga jami’ar ya ja ni gefe. Ya ce, “Ka san ’ya’yan su wane ne ke karatun likita? Wallahi ka je musu da wannan silifas ɗin, ɗan aike za su ɗauke ka.” Maganar ta zauna mini daram. Na ware dubu ashirin a raina: takalmi sau-ciki, farar rigar likitoci, da abin awon ƙirjin nan da suke ratayawa a wuya.

Na samu mahaifiyata a tsakar gida tana wanke kalwa. Na tsuguna na gaya mata abin da ake nema.

Ta ce, “Kai nawa ka tara?”

Na ce, “Hamsin, Inna.”

Ta ɗago ta dube ni, hannunta yana cikin ruwa. “Hamsin?”

“Hamsin.”

Ta mayar da kai ga aikinta. “To. Allah ya rufa asiri.”

Mahaifina ya sayar da gyaɗar da ya ajiye, aka samu goma. Saura arba’in. Da na fito da ashirin ɗin nan, akuya biyu sun isa su rufe sauran, magana ta ƙare. Ban fito da su ba.

Bayan kwana huɗu sai na ga an jiƙa gero, an raba goro gida-gida. Ranar Juma’a da hantsi gidanmu ya cika da mata, ana waina ana guɗa kamar an kawo amarya. An ajiye faifai a gaban mahaifiyata, kowace ta zo sai ta kwance bakin zani ta ajiye abin da ta kawo. Ni kuwa ina zaure, duk wadda ta wuce sai ta ce “Sannu likita,” kaina yana ƙara girma. Wadda ta fi kowa bayarwa wata ƙawar mahaifiyata ce mai sana’ar man gyaɗa. Dubu goma ta ajiye, sai da ta ƙirga su da ƙarfi kowa ya ji. Na shiga har gabanta na durƙusa na yi godiya, har da ’yar ƙwalla. A zatona gudummawa ce, mutanen ƙauye sun ga ɗansu zai zama wani abu sun taimaka saboda Allah.

Na tafi makaranta da kayana sababbi fil. Abin dariyar shi ne, shekarar farko babu wanda ya tambaye ni abin awon ƙirji. Lissafi da kimiyya muka yi ta yi kamar an mayar da mu sakandare. Shekara ta biyu aka kai mu ɗakin gawa, ita kuwa gawa ba ta da bugun zuciyar da za a saurara. Ƙirjin da na auna a shekarun nan nawa ne kaɗai, sai na wani ɗan ɗakinmu da ya yi mura. Amfani ɗaya na yi da kayan: na je wurin mai hoto na sa farar riga, na rataya abin a wuya, na harɗe hannu. Na aika hoton gida, aka kafa shi a bangon ɗakin mahaifiyata.

Shekarun kuwa suka zo da wuya. Ruwa ya ɗauke da wuri damina biyu a jere, kwanon gero ya yi tashin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba, takin zamani ya fi ƙarfin kowa. Duk zuwan da na yi gida sai na tarar wani abu ya ragu. Na tambayi jar akuya, mahaifiyata ta ce ɓarna take yi a gonar mutane, ta gaji da ba da haƙuri. Wani zuwan na ga kututture a inda babbar ɗorawa take, ta ce ai ta tsufa, ba ta ’ya’ya sosai. Na yarda. Gaskiya ita ce yardar ta fi mini sauƙi, shi ya sa ban matsa ba.

A shekara ta uku aka shiga dogon yajin aiki, na dawo gida na zauna. A nan ne idona ya fara buɗewa. Aka yi suna a gidan da ke bayan namu, hayaƙin girki har tsakar gidanmu, mata suna ta wucewa da kwanuka. Mahaifiyata tana zaune a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗa. Aka yi aure a unguwar gabas, nan ma ba ta ko ɗauko mayafi ba. Matar da ba a ɗora tukunya sai ta zo.

Na je gidan yayata, wadda ke aure a cikin ƙauyen, na tambaye ta ko Inna ba ta da lafiya ne. Yayata ba ta iya ɓoye magana ba. Ta ajiye tsintsiyar hannunta ta kalle ni sama da ƙasa.

“Wai kai da gaske ba ka sani ba, ko rainin hankali ne?”

Na ce, “Me zan sani?”

“Kuɗin da aka tara maka a faifai, ka zaci sadaka ce? Biki ne, malam likita. Biki Inna ta karɓa. Wadda ta ajiye dubu, ran nata sha’anin sai an mayar mata da dubu biyu. Arba’in ta karɓa, tamanin ke kanta. Kana can kana ɗaukar hoto, ita tana nan duk wadda ta haihu gabanta sai ya faɗi.”

Na san mata suna biki, na taso ina gani. Amma ban taɓa kawowa a raina za a yi shi don kuɗin makaranta ba, kuma ban taɓa tambayar yadda ake mayarwa ba, tunda a ganina harkar mata ce.

Yayata ba ta tsaya nan ba. Ta ce akuyoyin da ɗorawar duk can suka tafi, kuma Inna ta fita kunyar kowa sai mutum ɗaya. Lokacin da mai man gyaɗa ta tashi aurar da ɗanta, dubu ashirin ya kamata a kai mata. Inna ta haɗa takwas da ƙyar, ta je tun da safe ta ja ta gefe ta ce ta yi haƙuri, sauran sai kaka. Matar ba ta ce komai ba sai da gida ya cika. Sannan ta ɗauko takwas ɗin ta ajiye a gaban Inna, ta ce, “Uwar likita, riƙe abinki. Ki ƙara masa ya sake ɗaukar wani hoton.” Aka yi dariya. Ba kowa ba, amma an yi. Inna ta ajiye muciyar da ke hannunta, ta yafa mayafi ta fito. Shekara ɗaya da rabi ke nan ba ta sake taka gidan sha’ani ba.

Dubu ashirin. Daidai abin da na ɓoye, ko naira ba ta ƙaru ba. Na fito daga gidan yayata ban san ta inda na bi na isa gida ba. Na leƙa ɗakin mahaifiyata, sai a ranar na lura babu hoton a bango, ƙusar ce kawai.

Washegari na kai abin awon ƙirjin da farar rigar birni in sayar. Wanda ya fi kowa tayi bai kai rubu’in kuɗinsu ba. Na dawo da kayana, na koma kemis ɗin Bacirawa na roƙi tsohon maigidana ya mayar da ni. Wata biyar na yi ina shan garin kwaki kafin ashirin ta cika.

Na samu mahaifiyata a inda na same ta ranar farko, sai dai yanzu yawancin kalwar saye take yi a kasuwa. Na ajiye kuɗin a gefenta, na ce, “Inna, akwai maganar da nake so in faɗa. Kuɗin da na tara wancan lokacin ba hamsin ba ne.”

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, “Saba’in ne.”

Na ɗago na dube ta.

“Wa yake share maka shago in kana Bacirawa? Ban yi boko ba, amma na iya ƙirga kuɗi.”

Na ce, “To Inna, me ya sa ba ki yi magana ba?”

“Na tambaye ka sau biyu. In na yi na uku, ya zama na kama ɗana da ƙarya ke nan, ni kuma ban so in kama ka ba. Na ce wataƙila gobe ya kawo. Har ranar da ka hau mota ina tsaye ina cewa yanzu zai juyo.”

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta ɗauki kuɗin ta ƙirga, ta aika yayata ta kai. Mai man gyaɗa ta karɓa, har ta aiko da goro da saƙon a gaishe da likita.

An biya bashi, amma mahaifiyata ba ta koma kan tukwanen kowa ba. An zo an ba ta baki, manyan mata sun taka har gida, ta ce ƙafa ke damunta. Na gama karatu, na fara ɗaukar albashi, na saya mata akuyoyi shida, na sa aka dasa ɗorawa a gurbin waccan. Ta yi godiya ta sa albarka. Da aurena ya zo, abu ɗaya ta roƙa: kada a ajiye faifai a gidanta, kada mace ko ɗaya ta kwance bakin zani saboda ita.

Mai man gyaɗa tana nan da ranta, hawan jini ya kama ta. Duk zuwan da na yi gida tana cikin na farkon da ke sallama a zaure. Ina auna ta, ina rubuta mata magani, wani lokacin ni ke saya. In ta fita sai in ji tana gaya wa mutane, “Ai da kuɗinmu ya yi karatu.” Ba ƙarya ta yi ba, shi ne abin da ya fi ci mini rai. Na daɗe ina jin haushinta, kuma har yanzu ban ce na daina ba. Amma duk lokacin da haushin ya taso sai in tuna ita magana ɗaya ta yi a gaban mutane, ni kuwa ni na kai mahaifiyata gaban mutanen.

Ɗalibai kan tambaye ni yadda na haɗa kuɗin shiga makaranta, ko da tarina ne ko da bashi. Nakan ce ni ban ci bashin kowa ba, kuma haka ne, babu takardar da sunana yake kai. Wata ce ta ci a madadina, ta biya ninki, ta haɗa da abin da albashina ba ya iya sayo mata. Abin da nake gaya musu shi ne, duk kuɗin da ya fito daga gida, su tambayi daga ina ya fito kuma da me za a mayar. Su kuma faɗi gaskiyar abin da ke cikin gwangwaninsu.

Bara mahaifiyata ta yi wani tari da ya ƙi tafiya. Na je gida, na zauna a gefen tabarmarta, na buɗe jaka na ciro abin awon ƙirjin. Ta bi shi da kallo.

Ta ce, “Wannan ne na dubu ashirin ɗin?”

Na ce, “Shi ne, Inna.”

Ta ja mayafinta ta rufe ƙirji. “Mayar da shi jaka. Gobe ka kai ni asibiti su auna ni.”

Na mayar. Na auna ƙirjin mutanen da ban san iyakarsu ba da abin nan, har da na matar da ta kunyata ta. Na Inna ne kaɗai bai taɓa taɓawa ba.